Gonar Da Ake Ɗauka A Ka

Treichville, Abidjan
4 ga Maris

Zuwa ga mahaifina, Malam Alu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, Baba, ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da Yaya Awwalu da iyalinsa da duk mutanen Funtuwa. Yaya ƙafar? Yaya kunnen? Mu nan lafiya lau, sai zafi mai sa tufa ta manne a jiki. Surukinka yana gaishe ka. Jikarka Ni'ima, amaryar taka, ta ce in ba ka zo da wuri ba za ta auri tsohon da ke sayar da gasasshen kifi a bakin layinmu.

Na koma ga takarda ne don wayar nan ta ishe ni. In na kira, ina ihu kana "na'am, na'am", har maƙwabta su san sirrinmu kai ba ka ji ba. Malam Ibrahimu direban motar goro zai taso jibi, ya ce zai biya ta Funtuwa. Yaya Awwalu, kai za ka karanta masa, don Allah ka karanta duka, ban da tsallake.

Baba, na ji halin da kake ciki, kuma kada ka yi wa Yaya faɗa don ya gaya mini. Ya ce tun da 'yan bindiga suka raba ku da ƙauye, daga tabarma sai masallaci, daga masallaci sai tabarma. Tuwo ma loma uku ka ture kwano. Kai da rana ba ta taɓa riga ka isa fadama ba! Na san tsakar gidan hayar nan siminti ne, babu inda za a soka ko tsinke. Abin yana cin raina ƙwarai.

To, yanzu ga laifina, gara ka ji daga bakina. Ka tuna gwangwanin madarar da ka ba ni bara da na zo ganinku? Ka ce irin jar kuɓewar mahaifiyarka ne a ciki, Kaka Delu, shi kaɗai ya tsira da aka ƙone rumbu. Ka cakuɗa shi da toka, ka toshe bakin da tsumma, ka ce in ajiye, kada in buɗe, kada in shuka, sai ranar da aka koma gida. Baba, na buɗe.

Ba rashin kunya ba ne. Garin nan ba irin namu ba ne, nan ko takalmi ka ajiye wata guda sai ya yi funfuna. Ina gyaran akwati na ga gindin gwangwanin ya yi tsatsa har ya huje. Tokar da ke tsare iri a wajenmu, a nan ruwan iska ta sha ta dunƙule kamar ragowar tuwo. Na zazzage a faranti na ƙirga. Ƙwaya arba'in da uku ne. Ashirin da huɗu sun yi funfuna, da na matsa sai su fashe. Goma sha tara suka rage. In na ƙara ajiye su wata shida, wallahi ko ɗaya ba za ka samu ba.

Ana cikin haka sai na tuna da wasu kaya da ke jibge a shagon surukinka a Adjamé. Cikin kwantenar da ya shigo da ita bara aka haɗo masa da su don gwaji, ba wanda ya ko taya. Wai lambu ne na tafi-da-gidanka. Akwai buhuna baƙaƙe na wani yadi mai kauri, kowanne da hannu biyu na ɗauka, a ciki ake zuba ƙasa. Akwai 'yar rumfa mai naɗewa, da jakar ruwa mai cin jarka biyu, da siririn tiyo mai ɗigo kamar hawaye. Sai ɗan injin tura ruwa da bai fi dunƙulen hannuna ba, da allon hasken rana kamar faifai, shi ke ba injin wuta. Ba ruwanka da wutar gwamnati. Duka in an naɗe, jaka guda ce a rataya a kafaɗa. Surukinka ya ce Turawa aka yi wa, masu tafiya daji hutu. Na yi dariya har da ƙwalla. Su suna shiga daji don nishaɗi, mu daji ya koro mu.

Na ɗauko ɗaya na kafa a saman benenmu, wajen da ake shanya. Ƙasa na sayo wurin masu sayar da furanni, na haɗa da kashin kaji. Gobe in Allah ya kai mu zan shuka goma sha biyu, in bar bakwai. Ban nemi izininka ba don na san amsar. Ka yi fushi, ka zage ni, na yarda, amma ka yi mini addu'a.

A gaida kowa da kowa.

'Yarka,
Murja


Treichville, Abidjan
13 ga Afrilu

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, ina fata jiki da sauƙi, kuma Yaya da yara suna lafiya. Mu ma alhamdu lillahi.

Malam Ibrahimu ya dawo hannu wofi. Yaya ya ce da ya gama karanta maka, ko tari ba ka yi ba, ka juya fuska bango. Da zagina ka yi da ya fi mini sauƙi. Ga shi kuma labarin da zan ba ka yau ya fi na farko muni, har na yi kwana uku ina ɗaukar biro ina ajiyewa.

Goma sha ɗaya suka tsiro cikin sha biyun. Baba, da ka ga jan kararsu! Ita ce sak, ta Kaka Delu. Ina hawa bene sau biyar a yini, har matan gidanmu suka fara cewa ko na ajiye wani ne a sama.

Sai na tuna maganarka. Kullum kana cewa ruwan famfo na birni ruwan magani ne, shuka ba ta son sa, ruwan rafi shi ne ruwa. To ni ga ruwa shimfiɗe a bayan unguwarmu, wanda suke kira lagun, faɗinsa ya ninka duk wani gulbi da ka sani, har jiragen ruwa ke ɗaukar mutane a kansa. Na ce a raina, ina 'yar Malam Alu, ga rafi a ƙofa, in ba kuɓewar kakata ruwan magani? Na ɗauki jarka na tafi gefen tashar jirgin ruwa na ɗebo. Har da taƙama nake yi. Kwana tara ina cika jakar ruwan, ɗan injin nan kuwa ba ya gajiya, rana na fitowa ya hau ɗiga musu.

Bakin ganyen ya fara ƙonewa. Na ce ƙishi ne, na ƙara ruwa. Suka lanƙwashe, na sake ƙarawa. Da hannuna, Baba.

Laila ce ta gano. Maƙwabciyata ce, ɗakinta na kallon nawa, a kantin magani take aiki. Bahaushiya ce, kakanta daga Katsina ya zo, amma nan aka haife ta, Hausarta duk ta cakuɗe da Faransanci. Ta hau shanya ta tarar da ni tsugune ina kallon gawarwaki. Ta ga wani fari-fari a saman ƙasar, ta dangwala yatsa a jarkar ta lasa, ta tofar. Ta ce wannan ai gishiri ne, ashe ban san lagun da teku a haɗe suke ba? Da rani ruwan teku ke shigowa ciki, yaron goye ma ya sani. Ta riƙe kafaɗata tana ta cewa "yako, yako", wato sannu a bakin mutanen nan. Ni ko na fashe da kuka kamar an yi mini mutuwa.

Ina zan sani? A wajenmu ruwa in ba na rijiya ba ne na rafi ne, wa ya taɓa jin rafi da gishiri? Shekara shida ina garin nan ban taɓa kai ruwan nan baki ba. Duka goma sha ɗayan sun tafi.

Saura bakwai a ƙulle a gefen zanena. Surukinka ya ce in mayar maka da su kawai in huta, tun kafin in ƙarasa kashe gadon gidanmu. Na kusa yarda. Amma na duba su, biyu har sun fara dusashewa, ba za su kai wata damina ba ko a hannun wa suke. Laila ta taya ni muka zubar da ƙasar, muka wanke buhunan sau uku, muka sa sabuwa. Ta koya mini in tari ruwan famfo in bar shi a buɗe ya kwana, maganin zai fita. An kuma fara yayyafi, na karkata rufin 'yar rumfar yadda ruwan sama zai gangara cikin jakar.

Shekaranjiya da safe na yi bisimilla na shuka duka bakwai ɗin a buhu uku. Yanzu babu ko ƙwaya a hannuna. In waɗannan suka mutu, jar kuɓewar Kaka Delu ta ƙare a duniya, kuma ni na ƙarar da ita. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba.

Ka yafe mini. Ko kalma ɗaya ce ka aiko.

'Yarka mai laifi,
Murja


Adjamé, Abidjan
19 ga Yuni

Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Gaisuwa irin ta 'ya da mahaifi. Yaya damina a wajenku? Ina fata ƙafar ba ta tashi da sanyin ba. Amaryarka ta fasa auren mai kifi, ta ce jiranka take.

Saƙonka ya iso! Yaya Awwalu ya rubuto shi yadda ka faɗa, bai rage ko gishiri ba. Ka ce ni wawiya ce, uban wa ya taɓa ba shuka ruwan da bai ɗanɗana ba. Ka ce kai ruwan rafi ka ce, ba ka ce kowane kududdufin duniya ba. Ka tambaya ko na jiƙa irin ya kwana kafin in shuka, ko haka na watsa shi kamar mai ba kaji. Baba, ban taɓa jin daɗin zagi irin wannan ba. Na karanta sau huɗu, na kai wa Laila na fassara mata, muka yi ta dariya. Yaya ya ce a zaune ka yi faɗan, har kana buga sanda a ƙasa. Alhamdu lillahi. Kuma a'a, ban jiƙa ba, sai ka ƙara wani zagin.

Shida suka tsiro. Sun kai mini ƙugu, sun fara fure, ruwan ɗorawa mai jan ciki. Na bi umarninka, na rage ganyen ƙasa, kuma ban tsinki ko ɗa guda ba.

Za ka ga daga Adjamé nake rubutu, to ga dalili. Damina a nan ba irin tamu ba ce, sama ce ke ɓallewa. Ɗakin da ke ƙarƙashin wajen shanya ya fara yoyo, mai gidanmu ya hau ya ga buhunana, shi ke nan ya sami wanda zai ɗora wa. Rufin nan tun kafin in zo gidan yake zuba, kowa ya sani, amma bakin mutumin ya fi nawa ƙarfi. Ya ce kafin Juma'a in kwashe, ko ya sa a watso su ƙasa. Na buɗe baki zan wanke shi tas, surukinka ya taka mini ƙafa.

Da a ƙasa na shuka su da sai dai kuka. Amma ranar Alhamis muka naɗe rumfa, muka tsiyaye jakar ruwa, muka cusa inji da allo da tiyo a jakarsu. Kafin shayin surukinka ya huce an gama. Muka kama buhunan ta hannuwansu muka sauko da su, muka ɗauki hayar 'yar motar kaya zuwa shagon surukinka, don samansa fili ne kuma nasa ne. Laila ta ce ba za a yi ba ita ba.

Mun haye gada lafiya, sai hadari ya haɗo. Kafin mu kai Indénié, wata babbar mahaɗar hanyoyi ce a kwari, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Wurin nan in an yi ruwa tafki yake zama. Motarmu ta shiga, ta yi tari biyu, ta mutu. Ruwa ya fara hawowa bayan motar inda buhunan suke, ga shi baƙi ƙirin, da mai da shara da abin da ba na son faɗa. Na ce wannan ruwan kam ba sai na ɗanɗana ba.

Na yi gammo da ɗankwalina na ɗora buhu ɗaya a ka. Laila ta ɗauki ɗaya, da takalminta mai tsini a hannu. Surukinka, Alhaji guda mai shago, ya naɗe babbar riga ya ɗauki na uku. Muka ratsa ruwa har cinya, kuɓewa na rawa a kanmu, 'yan kasuwa da suka fake a ƙarƙashin rumfuna suna ta sowa, wani yana tambaya ko biki ne. Takalmin surukinka ɗaya ya tafi, bai ko waiwaya ba. Iska ta karya mini kuɓewa ɗaya daga cikin na buhuna, na ji ƙarar karyewar har cikin ƙirjina. Biyar suka isa lafiya.

A tsakiyar ruwan nan, Baba, kai na tuna. Ranar da kuka gudo ka ɗauko tabarma da buta da gwangwanin nan, ka bar fadamar da ka yi shekara arba'in kana yi wa hidima, don ba ta ɗaukuwa. Ga ni da gona a ka ina tafiya da ita. Ruwan sama ya rufa mini asiri, ba wanda ya ga ina kuka.

Yanzu suna saman shago, sun miƙe abinsu kamar ba a yi komai ba. Kullum ina zuwa da safe. Ka aiko mini da bayani, 'ya'yan farko ake bar wa iri ko na tsakiya? Kuma yaya zan gane sun ƙosa?

A gaida Yaya, a ce na gode da bai tsallake ba.

Taka,
Murja


Treichville, Abidjan
21 ga Agusta

Zuwa ga Malam Alu, manomi,

Assalamu alaikum. Baba, barka da war haka. Ina fata kana lafiya, kana cin tuwo fiye da loma uku. Duk mutanen gidan nan suna gaishe ka, har da Laila, wadda yanzu ta iya cewa "Allah ya ja zamanin Baba" ba tare da ta haɗa da Faransanci ba.

Wannan karon takardar ba ita kaɗai ta zo ba. Ka sa Yaya ya karɓi jaka biyu da ɗan kwali a hannun Malam Ibrahimu.

Na yi yadda ka ce. Na ɗaura jan zare a kan 'ya'yan farko, na bar su a jikin uwarsu. Ka san wahalar da na sha? Duk Bahaushen da ke layin shagon nan sai da ya hau bene kallo. Wani dattijo ɗan Gusau ya tsaya yana kallo, ya ce rabonsa da ganin jar kuɓewa tun yana yaro a gonar babansa. Matansu suka yi ta aiko mini, wai ko guda biyar a yi miya. Na ce ko ni mai ita ban lasa ba. Har sunan rowa aka sa mini, na amsa. Abin mamaki, kayan lambun nan da suka shekara ba mai tayawa, yanzu saura kaɗan, duk masu kallon nan sun ɗiba. Sai da na ɓoye naka biyu.

Da suka bushe suka fara tsagewa, na girgiza na ji suna kaɗawa kamar yadda ka kwatanta, sai na yanke. Allah ya taimake ni ruwa ya ɗauke a watan nan. Na shanya su kwana takwas a ƙarƙashin rumfar, na ɓare a faranti, wannan farantin dai da na ƙirga na farko a ciki. Na ƙirga har ɗari bakwai na gaji na bari.

Yaya ya ba ni labarinka, kuma wannan karon ma kada ka yi masa faɗa. Ya ce sati biyu ke nan kana zagaya tsakar gida da sanda da gawayi, kana zana inda rana ke faɗa da safe da inda take kaiwa da la'asar. Ya ce ka sa an kawo maka taki daga turken maƙwabta, ka kuma kori matarsa daga wajen da take ajiye turmi. Da ya tambaye ka me za ka yi, ka ce ba ruwansa. Ni dai na shiga haɗa maka kaya.

Kowace jaka da buhu shida a ciki. Allon a fuskantar da shi rana, a riƙa share masa ƙura. Yaya zai haɗa maka tiyon, na zana masa yadda ake yi a bayan takardar nan. Jarka biyu na kai su kwana huɗu, don haka ko damina ta wuce ba abin da ya dame ka, rani ma naka ne. Ruwan kuwa ba sai na ce ka ɗanɗana ba.

A cikin kwalin akwai abu biyu. Na farko ɗan ƙulli ne, za ka gane tsumman, shi ne wanda ka toshe gwangwanin da shi. Na sa shi a ƙaramar kwalba mai murfi. Ƙwaya arba'in da uku ne cif, na ƙirga sau uku. Amanarka ce da ka ba ni, na mayar maka. In ka ga dama ka ajiye ta har ranar da za a koma gida, ba zan ce uffan ba.

Na biyun babbar kwalba ce cike. Wannan ba naka ba ne, Baba, nawa ne, da gumina da hawayena da takalmin surukinka. Kyauta na ba ka, kuma da sharaɗi: ba na ajiya ba ne. Ka shuka. Ranar da Allah ya kawo zaman lafiya aka ce a koma, ka kama buhunanka ta hannu ka sa a mota, ka shiga ƙauye da kuɓewar Kaka Delu tana fure.

Abu ɗaya nake roƙo. Wata biyar ina renon kuɓewar nan ban san ɗanɗanonta a bakina ba. In ka yi girbin farko, ka yanka, ka shanya, ka daka, ka ba Malam Ibrahimu ya kawo mini. Daga gonarka nake so in fara sha.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya sa albarka a abin da za ka shuka.

Wawiyar 'yarka,
Murja